Jika Ashirin, Kuɗin Muryar Mai Tsawa

Shekarar da aka raba kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, Kazaure ta cika da ƙara. Duk ma'aikacin gwamnatin da ya karɓi nasa kason, kafin ya ɗinka wa 'ya'yansa riga sai da ya je Kano ya ciccibo rediyogiram, mai ƙarfin hali ma ya haɗa da babur. In ka bi layin ma'aikata da la'asar, wannan gida kiɗan Gana, wancan na Kwango, na gaba goge, kowa ya ƙure nasa don maƙwabci ya san shi ma an biya shi. Gida ɗaya ne ya yi tsit a layin nan, kuma abin takaicin, shi ne gidan da a da aka fi sani da hayaniya.

Gidan Malam Silvanus ke nan, malamin dabbobi, mutumin kudancin Zariya da aiki ya kawo ƙasar Kazaure tun kafin a ba da mulkin kai. Fulani sun yi ta fama da sunansa, harshensu ya ƙi, sai suka hutar da kansu suka sa masa Mai Tsawa. Ba su yi masa ƙage ba. In lokacin allurar shanu ya zo, ganga yake hawa a tsakiyar kasuwa ya buɗe baki, mai sayen gishiri a ƙarshen layi ya ji shi, mai ɗaure jaki a bayan gari ma ya ji. Kuma ba ƙarfin muryar kaɗai ba ne. Bafulatani in ya ga ma'aikaci da alƙalami kusa da garkensa, jangali yake gani, wato harajin shanu. Silvanus kuwa ya shekara da shekaru yana allura, bai taɓa kai labarin yawan garken kowa wurin masu haraji ba. Don haka in muryar nan ta ce a kawo shanu, kawowa ake yi.

Matarsa Dinatu tela ce, da kekenta a zaure. Tun da suka yi aure take fama da shi a kan abu ɗaya. In yana addu'ar cin abinci ta ce ya rage murya, Allah ba kurma ba ne. In yana tambayar inda takalminsa yake ta ce ya rage murya, nan ba kasuwar Roni ba ce. Shi kuma ya yi dariya, dariyar ma sai kwanon rufi ya amsa.

Sai wani ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Aka kai shi Kano aka yi masa aiki, kuɗin Udojin da wasu suka sayi kiɗa da shi, shi nasa can ya ƙare. Ya tashi da ransa, an gode Allah, amma tsawar ta tafi. Abin da ya rage wata dusasshiyar murya ce kamar ana jan buhu a kan siminti, sai ka kawo kunne kusa da bakinsa za ka gane abin da yake faɗa. Da ya ga mutane suna ta ce masa “na'am?” “me ka ce?”, sai ya daina maganar gaba ɗaya. A gida nuni yake yi da hannu. Dinatu ta samu shirun da ta daɗe tana roƙo, kuma ba ta taɓa ƙin wani abu a duniya kamar yadda ta ƙi shirun nan ba.

Ana haka aka ji ƙishin-ƙishin bushiya ta ɓulla a tsallaken iyaka, cutar nan da ke kwashe garke ta bar makiyayi da sanda. Ofishinsu ya tura su kasuwar Roni su tara Fulani. Wani matashin ma'aikaci ne ya hau gangar a madadin Silvanus, ya zaro takarda ya karanta da Hausar makaranta, har ya kai inda aka rubuta cewa za a ƙidaya dabbobin da aka yi wa allura. Kalmar ƙidaya tana fita, Fulani suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko cinikin da suka faro ba su ƙarasa ba. Silvanus ya ture yaron ya hau da kansa. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, amma ko mai ƙosan da ke gindin gangar ba ta ɗago kai ba.

Da suka dawo, shugaban sashensu ya kira shi ya yi masa magana cikin mutunci, irin mutuncin da ya fi zagi ciwo. Ya ce sun rubuta Kano a aiko musu da lasifika, shiru. Ya ce saura kasuwar Gwiwa. In can ma shanu ba su fito ba, ba shi da yadda zai yi, zai rubuta a sallami Silvanus ya je ya huta saboda rashin lafiya. Silvanus ya dawo gida ya rataye hularsa ta aiki a ƙusa, ya juya fuska bango. Sai a bakin direban ofis Dinatu ta ji yadda aka yi.

Washegari Saude ta zo da ƙwaryar nononta. Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Gwiwa, ta daɗe tana kawo wa Dinatu nono har suka zama ƙawaye, ita ce ma ke yi wa Rhoda, 'yar Dinatu, kitso tun yarinyar ba ta tafi makarantar kwana ba. Ta sauke ƙwarya ta leƙa ɗaki, ta ga Silvanus da idonta, sannan ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce a rugage cewa ake yi Mai Tsawa ya mutu an ɓoye. Wasu kuma sun ce gwamnati ce ta yanke masa harshe don ya ƙi ƙidaya shanu. Ardo Kawu, babbansu, ya ce ba saniyar da za ta taka kasuwar Gwiwa sai ya ji muryar mutumin da kunnensa, tunda idonsa ya yi rauni, ganin mutum a kan ganga ba ya gamsar da shi.

Maganar nan ta tsaya wa Dinatu a rai. Murya ake nema, to murya ai yanzu a shago ake sayar da ita, ga maƙwabta nan sun hana ta sakat da tasu. A makon ne ta ɗauki adashenta, kuɗin da ta yi niyyar sauya kan kekenta da shi. Ta ƙulle su a bakin zani, ba ta gaya wa mijinta komai ba, ta nufi shagon Sunday mai kayan rediyo a bakin tasha.

Sunday ya tarbe ta da fara'a, ya ce abin da take nema sunansa amfilifaya, ita ce ke ɗaukar ƙaramin sauti ta ba shi ƙarfi kafin ya fita ta lasifika. Ya nuna mata wata mai fuskar azurfa, da ƙananan fitilu da allurai masu rawa, ya buga kwalinta ya karanta mata yawan wat ɗin da aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfinta, ya ce wannan in ta yi tari sai an ji a Ɗambatta. Ta tambayi kuɗin, ya faɗa, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tambaya ko tana aiki inda ba wutar lantarki. Ya ce a'a. Ta ce to Gwiwa za ta, kuma rabon Gwiwa da wuta sai ta murhu. Nan mai azurfa ta fita daga lissafi, kuma Dinatu ta ji daɗin samun dalilin da ba talauci ba.

Sai ya sauko mata da wata 'yar ƙarama mai aiki da batir, wadda kuɗinta zai iya saye har ta samu canji. Ita ma kwalinta ya sha manyan lambobi. Sunday ya haɗa, ya ɗauki makirfo ya kwarara “Halo, halo!” har kajin tasha suka watse. Ya miƙa mata yana murmushi. Dinatu ta karɓa, ta juya masa baya, ta shaƙe maƙogwaronta, ta yi magana da irin muryar mijinta, wadda ta iya kwaikwayo saboda yawan kai kunne. Abin da ya fito ta lasifikar wani huci ne kawai, kamar an zuba ruwa a garwashi. Aka ƙara mata ƙarfi, sai ta saki wani kuka mai tsinin da ya sa mai shayin maƙwabta toshe kunne.

Sunday ya ce ai ba haka ake gwadawa ba, ɗaga murya ake yi. Dinatu ta ce wanda zai iya ɗaga murya me zai yi da ita. Ya dube ta, don duk garin an san halin da Mai Tsawa yake ciki. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. Ya mayar da 'yar ƙaramar cikin kwalinta, ya ce gaskiya lambobin nan na jikin kwali ba duka ake yarda da su ba, kuma irin wadda take so, mai ƙarfi da tace murya, sabuwarta ta fi ƙarfin aljihunta nesa ba kusa ba. Ya ce ta gwada Babura ranar kasuwa, mutanen Nijar kan shigo da tsofaffin kayan Turawa.

Ranar kasuwar Babura ta ce wa Silvanus za ta sayen yadi. Suka hau motar kasuwa ita da Saude, wadda ke raka ƙanenta sayar da maraƙi. Da suka isa Saude ta wuce kara, inda ake cinikin shanu, Dinatu kuma ta shiga layin 'yan gwangwan, masu sayar da tsofaffin kaya. Ta ga rediyoyi marasa baya, ta ga garmaho mara hannu, ta yi wa makirfo biyu raɗa suka mayar mata da huci. Masu kaya suna kallonta suna ƙunshe dariya, mace da mutuncinta tana juya baya tana maganar ƙato mai mura. Ko a jikinta.

Can ƙarshen layi, tsakanin tayoyin keke da fitilun ƙwai, ta tarar da wani dogon mutum mai rawani, Mamuda, daga wajen Magarya ta Nijar. A gabansa akwai wani akwatin ƙarfe ruwan toka, fentinsa ya ɗaɗɗaye, ba fitila ba ado, mummuna dai iyakar muni. Ya ce amfilifaya ce ta wani Bature da ke yawon nuna majigi a ƙauyuka, da zai koma ƙasarsu ya sayar. Da batirin mota take aiki. Dinatu ta gwada ɗagawa, ta ji kamar dutsen niƙa. Maɓallin ƙara sauti ya karye, saura ɗan tsinken ƙarfe, sai da filaya ake murɗa shi. Mamuda bai ɓoye ba, ya ce aibinta ke nan, kuma filayar kyauta ce.

Ya ɗaure lasifika mai faɗin baki a jikin dirkar rumfa, ya maƙala wayoyi a batir, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ya murɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi huci ba, wani ɗan gurnani kawai take yi can ƙasa. Dinatu ta juya baya ta shaƙe wuya, ta raɗa abin da ta saba ji shekara da shekaru: “Jama'a, a kawo shanu.”

Maganar ta fita daga rumfar nan cikakkiya, kowane harafi a wurinsa, ta bi ta kan 'yan hatsi ta isa kara. Mutane suka waiwaya. Wani dattijon makiyayi har ya fara jan igiyar bijiminsa yana neman inda aka ce a kawo. Murna ta kama Dinatu, ta yi maza ta ajiye makirfon kada mai kaya ya gane ta mutu a kan abin. Ta gyara fuska ta tambayi kuɗi kamar mai tambayar farashin kuka.

“Madan, don ke, jika ashirin da biyar,” in ji Mamuda.

To, a Hausar da Dinatu ta tashi da ita, wadda ake yi a Kazaure da Kano da Zariya, jaka fam ɗari ce, naira ɗari biyu a sabon kuɗi. Ta san mutanen Nijar jika suke cewa, kamar yadda suke cewa lahiya. Ta buga lissafin a ka, ta ga kuɗin ya sayi mota sabuwa a leda har a yi mata fenti. Ranta ya ɓaci. Ta ce masa ba ta san wulaƙanci ake sayarwa a rumfar ba, in bai ga alamar mai saye a jikinta ba ai sai ya faɗa mata, ba sai ya yi mata ba'a ba. Mamuda ya buɗe baki yana cewa ta taya mana, ai ciniki ne. Ta ce ya kai wa gwamna ya taya, ta ja gyalenta ta tafi, ta bar shi yana duban akwatin ko wani abu ya yi mata.

Ta samu gindin wata bishiyar bedi kusa da 'yan awaki ta zauna jiran Saude. Nan hawayen da ta riƙe tun ranar Roni suka zubo. Da ba ta ji muryar ba da ya fi mata sauƙi. Ta ji ta da kunnenta, ta san akwai ta a duniya, ga ta can a rumfa tsakanin tayoyin keke, kuma ko keken ɗinkin da kujerun gidan ta haɗa ba za su kai ta ko kusa ba.

Tana sharar ido, wata tsohuwa a gefenta tana cinikin wata ramammiyar akuya mai ƙaho ɗaya. Mai saye ya tambaya, tsohuwar ta ce jika uku. Dinatu ta ɗago kai ta dubi akuyar da kyau, ko da zinariya a cikinta. Ta jira mai sayen ya yi salati ya gudu. Bai gudu ba. Ya taɓa ƙugun akuyar ya ce biyu da rabi, aka sallama masa, ya zaro wasu 'yan takardun kuɗi masu wani launi dabam ya biya, ya ja abarsa. Dinatu ta ce a ranta, yau ko dai mutanen garin nan duk sun haukace, ko kuma ita ce.

Daidai nan Saude ta iso. Dinatu ta riƙo hannunta ta tambaye ta nawa ne jika a bakin mutanen Nijar. Saude ta ce sefa dubu mana, kuɗinsu, wajen naira uku in an canza. Ta tambayi abin da ya faru. Da ta ji, sai da ta sauke ƙwaryarta ƙasa don kada dariya ta sa ta fasa ta.

“Ƙawata, jikarsu ba jikarku ba ce,” in ji Saude tana share hawaye. “Shekarunki nawa a ƙasar nan, akuya ce za ta koya miki Hausa?”

Dinatu ba ta tsaya jin sauran ba. Rabonta da gudu tun tana budurwa, amma ranar ta keta layin 'yan hatsi gyale a hannu, Saude na binta tana ba mutanen da ta bangaje haƙuri. Ta iso rumfar tana haki, ta tarar da wani saurayi tsugune gaban akwatin, da wando fantalo da takalmi mai tudu, kana ganinsa ka ga Udoji. Ya riga ya fara ciniki.

A kasuwa kuwa ba a shiga cinikin wani. In mutum yana tayi, ko uwarka ce ke kan kayan sai ka jira ya gama ko ya tashi. Dinatu ta tsaya a gefe ta cije leɓe, kuɗinta na ƙulle a bakin zani suna ƙona mata ƙugu. Saurayin ya kwarara halo, akwatin ya amsa har rumfa ta girgiza, ya yi murmushin jin daɗi. Ya tambaya ko tana da fitilu masu rawa, aka ce babu. Ya tambayi maɓallin sauti, Mamuda ya miƙa masa filaya. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya ce yanzu in ya yi baƙi a falo sai su gan shi da wannan kamar bakanike. Duk da haka ya taya jika goma sha biyar. Mamuda ya ce albarka. Saurayin ya miƙe ya kaɗe wandonsa, ya fara tafiya a hankali, irin tafiyar nan ta wanda ke jiran a kira shi.

Bayansa kawai Dinatu take jira ta gani. Ta faɗa gaban akwatin ta dafa shi da hannu biyu ta ce ashirin. Mamuda ya gane ta, ya ja baya kaɗan, don bai manta da gwamna ba. Saude, wadda ba ta iya riƙe labari, ta kwashe duk yadda aka yi ta faɗa masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

“Ashirin ɗin, Madan, ta wace ƙasa?” ya tambaya.

“Ta ƙasarku,” in ji Dinatu. “Ta tamu sai gwamna.”

Ya sallama mata, da lasifikar da makirfon da filayar. Saurayin ya gaji da tafiyar da ba a kira shi ba, ya juyo, ya tarar ana naɗe waya. Abin da ya rage a bakin zaninta ya isa ta sayi tsohon batirin mota a garejin Kazaure, ya kuma ƙare tas. Yadin da ta ce za ta saya, ko ƙyalle ba ta kawo ba.

Silvanus ya dubi akwatin a tsakar gida, ya dube ta, fuskarsa ta haɗe. Ya yafito ta, ta kai kunne. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutanen da suka san shi ƙarfe ya yi magana a madadinsa ba, gara a sallame shi da mutuncinsa. Ta ce masa, Baban Rhoda, tabaran da yake sawa in zai karanta Littafi Mai Tsarki, su ne ke yin karatun ko shi? Bai taɓa makirfon ba, ko gwaji ya ƙi yi. Amma ranar kasuwar Gwiwa ta ga ya sauko da hularsa daga ƙusa ya kaɗe ta. Da direban ofis ya zo, ita da shi suka ciccibi akwatin suka sa a bayan mota, ta hau ta zauna kusa da akwatin ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Kasuwar Gwiwa ta cika, Fulani ma sun zo da yawa, sai dai sanduna kawai suka riƙo. Shanun suna can an tura su daji. Ardo Kawu na zaune a kan buzu a gindin tsamiya, dattawa kewaye da shi, ya juya kunne wajen motar. Shugaban sashe ya dubi filin allura fayau, ya dubi agogonsa. Dinatu ta sa aka ɗaure lasifika a reshen tsamiyar, ta maƙala ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ta murɗa tsinken da filaya. Gurnanin nan ya taso. Ta miƙa wa mijinta makirfo.

Ya hau gangar ya tsaya, yana riƙe da abin kamar an ba shi garwashi. Ya daɗe a tsaye har wasu suka fara komawa cinikinsu. Dinatu ta fara tunanin ko ta jawo masa kunyar da ta fi ta Roni. Sai ya yi gyaran muryar nan da ya saba yi kafin ya fara shela, don al'ada kawai, ba da niyya ba. Gyaran muryar ya faɗo daga kan tsamiya, tsuntsaye suka tashi, kasuwa ta tsaya cak. Shi kansa sai da ya razana ya dubi sama. Sannan ta ga kafaɗunsa sun buɗe, irin buɗewar da ta manta da ita.

“Ardo Kawu,” in ji shi, “ashe kana nan da rai? Na ga ka zo ba shanu, na ce ko sun gaji da kai ne sun sayar da kai.”

Muryar a dushe take, ba wanda zai ce ba a dushe take ba. Amma akwatin bai ƙara mata komai ba, bai rage ba, ya ɗauko ɗan kaurin da ya saura a ƙirjin mutumin ya shimfiɗa shi a kan kasuwa duka, da jan harafinsa da inda yake tsayawa ya ja numfashi. Ardo Kawu ya dogara sanda ya miƙe tsaye.

“Wannan rashin kunyar na mutum ɗaya ne,” ya ce wa dattawansa. “Ku aika a koro su.”

Silvanus ya yi bayanin bushiya da inda ta ɓulla, rabi da Hausa rabi da 'yar Fulatancinsa mai karyayyen baya da suka saba yi wa dariya. Ya ce allura ce kawai, ba mai rubuta sunan kowa, kuma wanda ya ga alƙalami kusa da saniyarsa ya zo ya kama shi, shi Mai Tsawa. Kafin azahar hanyoyin shiga gari sun toshe. Farare da jajaye, garke na bin garke, kukansu ya rufe na kasuwa, masu tallan fura suna janye ƙoransu daga hanya. Ma'aikatan allura suka yi ta aiki har hannuwansu suka sage. Shugaban sashe bai sake duban agogo ba. Da ya zo wucewa ta gaban Dinatu ya cire hula ya gaishe ta, ya ce mako mai zuwa Roni za su koma, in Malam ya yarda a zo da akwatin.

Da la'asar ta yi, Silvanus ya sauko daga gangar, rigarsa sharkaf da gumi. Ya nufo inda take tsugune kusa da batir, ya sunkuyo kamar yadda ya saba in zai yi mata magana, ita kuma ta kai kunne. Ya manta makirfon na hannunsa, dab da haɓarsa. Tun haihuwar Rhoda bai ƙara kiran matarsa da sunanta ba, sai dai Maman Rhoda.

“Dinatu,” in ji tsamiya, kasuwar Gwiwa duka tana ji, “ashe duk shekarun da kika yi kina cewa in rage murya, ƙarya kike yi.”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Saude ta rangaɗa guɗa, matan Fulani suka taya ta. Dinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ja gyale ta rufe fuska, ɗaya hannun ya lalubo filaya ta kama tsinken ƙarfen don ta kashe sautin. Ta leƙo ta gefen gyalen, ta ga bai gama ba, idonsa ya cika da ƙwalla, bakinsa na shirin faɗin sauran. Sai ta murɗa ta ƙara masa kaɗan.